A Bar Yara Su Taɓa Duwatsun Goronyo

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata matasa, akwai wata dabba da masana kimiyya na duniya suka sani da sunan Goronyo, amma da wuya a sami ɗalibin sakandare a ƙasar Goronyo wanda ya taɓa jin labarinta. Sunanta Goronyosaurus nigeriensis, watau ƙadangaren Goronyo na Nijeriya. Wata ƙatuwar dabbar teku ce, dangin guza da tsari, wadda ta rayu shekaru fiye da miliyan 66 da suka wuce. A shekarar 1930 wani Baturen Birtaniya mai suna W. E. Swinton ya fara bayyana ƙasusuwanta da aka tono a Lardin Sakkwato. Daga baya wasu masana daga Jami'ar Florence ta ƙasar Italiya, ƙarƙashin jagorancin Augusto Azzaroli, suka sami ƙoƙon kanta, suka raɗa mata wannan suna a shekarar 1972. Ƙoƙon kan nan yana can Italiya. Yaron da aka haifa a inda aka tono shi kuwa ana koya masa labarin ƙasa da allo da alli, yana hardace sunayen duwatsun da bai taɓa riƙewa ba, alhali yana taka su kullum a hanyarsa ta zuwa makaranta.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, ya kamata gidajen adana kayan tarihi na Jihar Sakkwato su ɗauki ilmin ƙasa da na sararin sama a matsayin wani ɓangare na aikinsu. Su horar da jami'an ilmantarwa, su ba su kayan da yaro zai taɓa da hannunsa, sa'an nan su ɗauki kayan nan su kai makarantun Marnona da Wurno da Rabah da Goronyo. Zan kawo dalilaina, in faɗi irin kayan da nake nufi, kana in amsa sukar da na san za a yi.

Mu fara da ƙasar kanta. Wanda ya tsaya a mararrabar Marnona ya duba gabas da yamma, ba zai ga kome ba sai gonakin gero da tuddai da jigawa. Amma masana sun tabbatar da cewa wannan yanki wani sashe ne na wani babban kwari wanda ya taso daga Sakkwato ya ratsa Jamhuriyar Nijar har zuwa Mali, kuma teku ta taɓa malale shi fiye da sau ɗaya. Duk lokacin da ruwan ya shigo ko ya janye, sai ya bar shimfiɗar yashi ko laka ko farar ƙasa, wata bisa wata, kamar yadda ake jera tabarmi. Abin sha'awa, sunayen da aka ba waɗannan shimfiɗu a littattafan kimiyya duk sunayen garuruwanmu ne: Gundumi, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. Ɗalibin ilmin duwatsu a Ibadan ko Landan yana karanta shimfiɗar Wurno don ya ci jarrabawa, ɗan Wurno kuwa bai san an sa wa wani abu sunan garinsu ba.

A cikin shimfiɗar Dukamaje aka sami Goronyosaurus. A wannan ƙasa tamu kuma aka sami wani kada na zamanin da, wanda L. B. Halstead ya sa wa suna Sokotosuchus a shekarar 1975. Daɗin daɗawa, kusan a tsakanin shimfiɗar Wurno da ta Dange ne iyakar nan ta shekaru miliyan 66 take, lokacin da manyan dabbobin da ake kira dainoso suka ƙare daga doron ƙasa, dangin Goronyosaurus kuma suka ƙare daga teku. A sama da wannan iyaka sai farar ƙasar Kalambaina, cike da ɓawon katantanwa da ƙumba da sauran ƙananan halittun ruwan gishiri. Wannan dutse ne ya sa gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ta kafa kamfanin siminti a Kalambaina a shekarar 1962, ya fara aiki a 1967. Ashe duk buhun simintin da aka yi a Sakkwato, gawar halittun tsohuwar teku ce aka ƙona aka niƙa. Wane yaro ne zai ji wannan bai buɗe ido ba?

To, amma ji kawai bai isa ba, don gani ya kori ji, taɓawa kuma ta fi gani zama a zuciya. Ga abin da nake nufi da kayan koyarwa na hannu. Ba wasu na'urori masu tsada da za a yi odarsu daga Ingila ko Amurka ba ne. Akwati ne na katako ko na ƙarfe, irin wanda kafinta ko maƙeri zai yi a kasuwar Achida, a ciki a jera ɗan guntun kowace shimfiɗa bisa tsarin shekarunta: yashin Taloka, lakar Dukamaje, yashin Wurno, lakar Dange, farar ƙasar Kalambaina. A haɗa da madubin ƙara girman abu, da kwalabe, da igiya, da ɗan littafin bayani cikin Hausa. Jami'in da ya san aikinsa zai iya cika yini guda da wannan akwati, yara ba su gaji ba.

Alal misali, ya ba yara dutse biyu masu kama da juna, ya sa su kankare garin kowanne, su ɗiga masa ruwan lemun tsami. Garin farar ƙasa zai yi 'yar kumfa, na yashi kuwa zai yi shiru. Kumfar nan iska ce da ke fita idan tsami ya haɗu da sinadarin da halittun ruwa ke gina ɓawonsu da shi. Da wannan ɗan gwaji yaro ya koyi abin da masu binciken ma'adinai ke yi a daji, ya kuma gane dalilin da ya sa aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina ba a wani wuri ba.

Ko kuma ya ɗauko igiya mai tsawon mita 46 ya shimfiɗa ta a filin makaranta, ya ce wannan ita ce shekarun duniya, watau miliyan 4,600, kowace mita ɗaya tana madadin shekara miliyan 100. Sai ya sa yara su nemo inda tekun Goronyo take. Za su yi ta tafiya har su kusa ƙure igiyar, domin santimita 66 kacal ya rage daga ƙarshenta. Ƙasusuwan mutum irinmu mafi tsufa da aka tono, na shekara wajen 300,000, suna cikin milimita 3 na ƙarshe. Daga jihadin 1804 zuwa yau kuwa bai kai kaurin silin gashi ba. Babu jawabin malami da zai dasa girman zamani a zuciyar yaro kamar wannan 'yar tafiya a gefen igiya.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce rayuwar mutanen wannan yanki. A cika kwalba ɗaya da yashi, ɗaya da laka, a zuba musu ruwa daidai wa daida, a sa yara su ƙidaya lokacin da zai tsiyaye. Nan take za su ga cewa yashi yana barin ruwa ya ratsa, laka kuwa tana tare shi. Daga nan sai a fahimtar da su dalilin da ya sa wata rijiya takan ba da ruwa a gaba kaɗan, wata kuwa a yi ta haƙa ba labari, da dalilin da ya sa fadamar Wurno ke riƙe damshi har a noma shinkafa da albasa da tafarnuwa. Da tire na yashi da buta ana iya gina ƙaramin kogi, a yi masa madatsa, a ga yadda yashi ke taruwa a bayanta yana cinye wurin ruwa. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a kan Gulbin Rima a 1984 aka buɗe ta a 1992, an yi ta ne don ta riƙe ruwa mita cubic miliyan 942. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta cinye garuruwa da gonaki a kwarin Rima, a 2018 kuma ruwan madatsar ya ja baya ƙwarai har hankalin jama'a ya tashi. Yaran da suka girma a tsakanin waɗannan masifu biyu suna da hakkin su san yadda kogi da madatsa ke aiki, domin su ne gobe za su zama injiniyoyi da manoman rani da masu yanke shawara a kan ruwan nan.

Mu ɗaga kai sama kuma. Kada wani ya ɗauka ilmin taurari baƙo ne a ƙasar Sakkwato. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya nuna masa taswirar sama da na'urorin awon rana, ya kuma rubuta cewa ya tarar Sarkin ya san buruji duka da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Da ya komo karo na biyu, cikin tsarabar da ya kawo masa har da littafin lissafi na Yuklid cikin Larabci. Wannan Sarki shi ne ya mai da Wurno ribaɗinsa, a can ya rasu a 1837, a can kuma hubbarensa yake. Manomanmu tun kaka da kakanni suna duban Kaza da 'ya'yanta, suna lissafin taurarin damina kafin su yi shuka. Malamanmu da inuwa suke gane shigar azahar da la'asar kafin agogo ya zo. Har yau kuma daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato ake sanar da ganin watan azumi da na salla. Ƙasar da take da irin wannan gado ba ta da hujjar barin 'ya'yanta cikin duhu game da sama.

Kayan wannan darasi ma sun fi na duwatsu araha. A kafa sanda a tsaye a fili, a riƙa sa alama a bakin inuwarta daga hantsi zuwa la'asar. Inuwa mafi gajarta ita ce tsakar rana ta gaskiya, kuma layinta yana kwance kudu da arewa. Da yake yankinmu yana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, rana takan tsaya daidai bisa kai, sandar ta rasa inuwa. Idan makaranta a Wurno ta haɗa kai da wata a Ilorin, suka auna inuwar tsakar rana a yini guda, za su sami bambancin da ya kusa digiri 5. Da yake kowane digiri ɗaya yana daidai da kilomita 111, za su iya lissafa kewayen duniya, watau kilomita wajen 40,000, kamar yadda Eratosthenes ya yi a Masar shekaru fiye da 2,200 da suka wuce. Sanda ce kawai da zare da wayar hannu.

Don nuna girman sarari, a ajiye ƙwallon ƙafa a ce ita ce rana. Bisa wannan ma'auni duniyarmu ƙwayar gero ce, a nisan mita 24 daga ƙwallon. Mushtari, wanda ya fi kowace duniya girma a dangin rana, bai wuce ɗan kanya ba, yana can nisan mita 120 da 'yan kai. Neptune kuwa, ta can ƙarshe, sai an yi tafiyar mita 700. Da fitila ɗaya da lemo a tsire a kan tsinke cikin ɗaki mai duhu, yaro zai ga da idonsa dalilin da ya sa jinjirin wata ke tsayawa a yamma bayan faɗuwar rana, da dalilin da ya sa wata ke yin kwana 29 ko 30. Ranar 29 ga Maris 2006 an yi husufin rana wanda ya rufe ta ruf a Gusau da Katsina. Ranar 20 ga Maris 2034 wani zai ratsa kudancin Nijeriya, mu nan mu ga sashensa. Yaran da ke firamare yau za su zama samari da 'yan mata a ranar. Ya kamata kafin ta zo su san cewa inuwar wata ce ke faɗowa a kan ƙasa, su san cewa duban rana kai tsaye yana lalata ido, su kuma iya kallon siffarta a ƙasa ta hujin kwali ko ta ramukan rariya.

Akwai wata asara kuma da rashin sani ke jawo mana. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama a Zagami, cikin ƙasar Katsina. Bincike ya nuna cewa ɓallowa ya yi daga duniyar Mas, wadda malamanmu ke kira Mirrihu, kuma yau gutsattsarinsa sun watsu a ɗakunan bincike da hannun masu tara kayan alfarma a ƙasashe da yawa. A watan Nuwamba na 2023 an tsinci wani dutsen na Mas mai nauyin kusan kilo 25 a yankin Agadas. A watan Yuli na 2025 aka yi gwanjonsa a birnin New York a kan dala miliyan 5 da 'yan kai, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita daga ƙasar. Makiyayin da bai san darajar baƙin dutsen da ya tsinta ba zai sayar da shi a kuɗin goro. Manomin da ya tono ƙashin Goronyosaurus a gonarsa zai jefar da shi a kan iyaka tare da sauran tsakuwa. Doka kaɗai ba za ta tsare abin da jama'a ba su san shi ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na san za a ce, ana fama da 'yan bindiga, wa ke ta duwatsu? Wannan magana ce mai nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Mutanen Rabah da Goronyo da Wurno sun ga tashin hankali, harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 har yanzu yana cikin zukatan jama'a. Babu mai hankalin da zai kwashi yara ya kai su dajin Gundumi neman duwatsu a irin wannan hali. Amma wannan shi ne babban dalilin yin akwatin. Idan yaro ba zai iya zuwa wurin dutse ba, sai dutse ya zo wurin yaro, ko a makarantarsa ko a inda iyayensa suka yi gudun hijira. Kuma yaron da aka raba da gona da makaranta, idan ba a ba shi abin da zai ɗaure hankalinsa ba, akwai masu jiran su ba shi wani abu dabam. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wasu za su ce wannan aikin Ma'aikatar Ilmi ne, gidan tarihi kuwa aikinsa adana takubba da littattafan magabata. Lalle adanawa wajibi ne, kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ta cancanci yabo saboda rubuce-rubucen Daular Usmaniyya da take tsare da su. Sai dai tarihin ƙasa bai fara daga mutanen da ke kanta ba. Me ya sa Muhammadu Bello ya zaɓi tudun Wurno da ke kallon fadamar Rima? Amsar tana cikin tsaro da ruwa da ƙasar noma, watau cikin ilmin ƙasa. Maƙwabtanmu sun gane haka: a gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, ƙasusuwan dainoso da aka tono a hamadar Nijar suna nan tare da kayan al'adun Hausa da Zabarmawa da Buzaye, yara suna zuwa kallo. Malamin makaranta yana da manhaja da jarrabawa a gabansa, ba shi da lokacin tara samfur. Gidan tarihi kuwa tarawa da tsarewa da bayani su ne sana'arsa.

Wasu kuma za su ce yara za su farfasa kayan. Amsar wannan mai sauƙi ce. Ƙashin da babu irinsa sai ya zauna a cikin gilashi, a yi kwafinsa da farin siminti ko yumɓu a ba yara. Ɓawon katantanwar Kalambaina kuwa ana niƙa dubbansa kullum a injin siminti, don haka ba a yi asarar kome ba idan guda ya fashe a hannun ɗan aji huɗu. Masu jin cewa maganar miliyoyin shekaru za ta girgiza imanin yaro, sai su tuna cewa Sarkin Musulmi Bello bai ji tsoron taswirar sama ba, tambayoyi ya yi ta yi a kanta. Duban halitta da tunani a kanta abu ne da malamanmu suka daɗe suna kwaɗaitarwa.

Saura wa zai yi me, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tare da hukumar tarihi ta jiha, su keɓe jami'an ilmantarwa su ba su horo, su sa wannan aiki cikin kasafin kuɗinsu. Malaman ilmin duwatsu da na labarin ƙasa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su tantance samfur, su duba bayanin da za a rubuta. Masanan Hausa su zauna da manoma da masu haƙar rijiya da magina tukwane, su tattaro sunayen da jama'a ke kiran kowace irin ƙasa da kowane tauraro, don kada a ƙaƙaba wa yara baƙin kalmomi inda muke da namu. Kamfanin BUA, wanda yanzu yake riƙe da masana'antar Kalambaina, ya ba da dama a tsinci samfur a ramin haƙarsa, ya kuma ɗauki nauyin akwatunan farko. Gwamnati ta nemi jami'ar Florence ta aiko da kwafin ƙoƙon kan Goronyosaurus, a ajiye ɗaya a Sakkwato ɗaya a Goronyo.

Mu ɗalibai kuwa ba sai mun jira kowa ba. Ƙungiyoyin ɗaliban Wurno da Rabah da Goronyo suna iya haɗa akwati ɗaya ɗaya kafin dogon hutu, kowane ɗalibi ya koma makarantar da ya fito ya yi darasin igiya da na inuwa da na kwalba. Ku kuma 'yan'uwa ma'aikata matasa da ke ofisoshin ilmi da na ƙananan hukumomi, takardar neman izini ko ta neman mota a teburinku za ta biyo. Kada ku bari ta kwana.

An ɗauki sunan Goronyo an kai shi ɗakunan karatu na Turai shekaru fiye da 50 da suka wuce. Lokaci ya yi da za a kawo ilmin da ke tare da sunan gida, a sa shi a tafin hannun yaran da suka gaje shi. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu dace.